Babur ɗin marigayi: a sallama ko a jira kasuwar Turawa?

Assalamu alaikum. Daga Birnin Kebbi nake rubuto maka. Yayana ya rasu shekara uku ke nan, ya bar mahaifiyarmu da mata ɗaya da 'ya'ya uku, namiji mai shekara 12 da ƙannensa mata biyu. An raba gado, abu ɗaya ya rage a hannuna, wato babban babur ɗinsa irin na tsere, Honda CBR900RR, wanda takarda ta nuna ƙirar 1997 ne. Ɗan Kwatano ya saya, ya sake masa fenti baƙi, ya canja salansa. Tun rasuwarsa yana jingine a zaure an lulluɓa masa tamfol, yanzu ko tashi ba ya yi. Wani dillali ya taya naira miliyan 1.2 na ce albarka, domin na ga bidiyo a waya an yi gwanjon irinsa a Amurka dala 15,000, aka buga mini lissafi ya haura miliyan 20 a kuɗinmu. Da na sa hotonsa a Facebook wani ya yi mini magana daga waje ya ce yana so, amma sai na tura kuɗin takardun jirgi. Matar yayana kuma ta matsa a sayar saboda kuɗin makarantar yara, har ta kai ƙarata wurin Inna wai so nake in riƙe wa kaina. Allah ya sani ina son babur ɗin, don ni yake goyawa mu tafi Argungu, amma ba cin amana nake nufi ba. In jira ya ƙara kuɗi, ko in zuba kuɗina ya koma sabo, ko in sallama?

Wani ɗan'uwa, Birnin Kebbi

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan yayanka, ya sa ya huta, ya raya abin da ya bari.

Mutumin nan da ya yi maka magana daga waje, toshe shi yau, kada ka tura masa ko sisi. Mai saye shi ke kawo kuɗi. Duk wanda ya ce yana son kayanka amma sai ka fara biyan kuɗin takarda ko na jirgi, aljihunka yake hari, kuma da ka tura na farko zai ɓullo da na biyu, ya ce kwastam sun tsare kaya. Wannan ke nan.

Bidiyon da ka gani kuwa ba ƙarya ba ne. Ana sayar da tsofaffin baburan tsere da tsada a Amurka da Ingila da Japan, har akwai kamfanonin gwanjo da suka yi suna a kan haka, irin su Mecum da ke tara ɗaruruwan babura a Las Vegas duk watan Janairu, da Bonhams a Ingila. Kuma yayanka ya san abin da ya saya. Lokacin da Honda ta fito da CBR900RR a 1992, wanda aka fi sani da Fireblade, sai da kasuwa ta girgiza. Sauran kamfanoni a lokacin girman inji suke ta ƙarawa, babur yana ƙara nauyi. Injiniyan da ya jagoranci aikin, Tadao Baba, ya bi ta wata hanyar: ya sa inji mai silinda huɗu, 893cc, a jikin da bai wuce kilo 185 ba in babu mai a ciki, alhali abokan gogayyarsa sun fi shi nauyi da kilo sama da 20. Haka ya yi ta jan zarensa har Yamaha ta kawo R1 a 1998.

Sai dai ba duk Fireblade ne kuɗinsu ɗaya ba. Na 1992 da 1993 su ne masu zagayayyun fitilu biyu a gaba, kuma su masu tara babura ke rububi, musamman in suna nan da fentinsu na kamfani, fari da ja da shuɗi. A 1994 aka canja fuskar, fitilun suka koma masu tsini. A 1996 aka ƙara injin ya zama 918cc, kuma naka a wannan zubin yake. Koma ka sake kallon bidiyon, ka dubi fitilun da kyau. Ina kyautata zaton zagayayyu za ka gani. In kana so ka tabbatar da naka, yaye tamfol ɗin, ka durƙusa wajen wuyan babur ɗin inda kan yake juyawa, ka goge ƙurar da tsumma, ka haska fitilar waya. Za ka ga lambar shasi a buge a jikin ƙarfen. In akwai SC28 a cikinta, na kafin 1996 ne. In SC33 ne, na 1996 zuwa 1999 ne, ya dace da abin da takardarka ta faɗa. Tunda ka durƙusa, gwada lambar da wadda ke takardar kwastam harafi bayan harafi, domin duk mai saye na kirki abin da zai fara yi ke nan.

Wa ke biyan irin wancan kuɗi a can? Galibi mutum ne da ya ba shekara 50 baya, wanda yana saurayi ya liƙa hoton babur ɗin a bangon ɗakinsa, ba shi da halin saye. Yanzu yara sun girma, kuɗi ya zauna, yana so ya huce takaicin ƙuruciya. Don haka abin da yake nema shi ne babur kamar ranar da ya fito daga shago: fentin kamfani, salansar kamfani, robobin jiki da ba a taɓa ɗinke su ba, agogo mai ƙarancin kilomita, littafin sabis da hatiminsa, makullai biyu. Irin waɗannan kuwa ba su da yawa, saboda baburan tsere samari ke hawansu, yawancinsu sun sha ƙasa, an canja musu wannan an yanke musu wancan. Waɗanda suka tsira lafiya su ke da tsada. Tsufa shi kaɗai ba ya ƙara wa babur ko kwabo.

In ka bi waɗanda suka fi kuɗi za ka ga kowanne da dalilinsa. Honda CB750 na 1969 shi ya buɗe ƙofar manyan babura masu silinda huɗu da birkin faranti, kuma a cikinsu ma na farko-farkon da aka ƙera jikin injinsu ta hanyar zuba narkakken ƙarfe a mazubin yashi su ne masu tsadar gaske. Honda RC30 na 1987 kaɗan aka ƙera, don kawai dokar tsere ta ce sai an sayar wa jama'a irinsa kafin ya shiga fili, kuma da shi Fred Merkel ya ci gasar Superbike ta duniya a 1988 da 1989. Ducati 916 na 1994 kyan ƙirarsa ya ɗaukaka shi. Suzuki Hayabusa na 1999 da 2000 ana nemansu saboda daga baya kamfanonin suka yarda a tsakaninsu su ƙayyade gudu kada ya wuce kilomita 299 a awa. Ko dai ya zama na farko a irinsa, ko kaɗan aka yi, ko ya ci wata gasa. Kuma kasuwar tana bin shekarun masu saye ne. Baburan Ingila irin su BSA da Norton sun yi tashe lokacin da samarin shekarun 1960 ke da kuɗi da ƙarfin hawa, yanzu da suka manyanta kasuwar ta yi sanyi. Wanda ya ce maka tsohon babur kullum sama yake yi, bai daɗe yana kallon kasuwar ba.

To ɗora na zaurenku a kan wannan ma'auni. Ba zubin farko ba ne. An rufe fentin kamfani da baƙi. An cire salansa. Ɗan Kwatano ne, ma'ana babu wanda ya san hannu nawa ya bi kafin ya hau jirgin ruwa, ko sau nawa ya faɗi, ko abin da agogonsa ke nunawa gaskiya ne. Ga shi shekara uku bai tashi ba. A wurin mai tara babura wannan na hawa ne ko na ciran kaya, kuma kuɗinsa a can ɗin ma bai kama ƙafar wanda ka gani ba. Ka tuna daga can ya zo, kuma abin da ya sa ya zo shi ne a can ya yi araha.

A ce ma ka dage sai ka kai shi. Amurka tana yarda a shigar da abin hawa da ya kai shekara 25 ba tare da tsauraran sharuɗɗan sababbi ba, don haka shekaru ba za su hana ba. Amma lissafa motar da za ta ɗauke shi daga Birnin Kebbi ta bi Jega da Koko da Yawuri da Kwantagora har Legas, da akwatin katako, da ejan, da takardun fitar da kaya, da kuɗin jirgi, da wanda zai karɓa a can, da la'adar kamfanin gwanjo. Da dala ake biyan rabinsu, kuma kafin a sayar ake biya. Bayan duk wannan, mai sayen yana da irinsa a garin da ke kusa da shi, da tarihinsa a rubuce. Me zai kai shi sayen wanda ya sha ranar Kebbi? Cire wannan daga ranka.

Kasuwar da hannunka zai kai ita ce ta gida, kuma a nan babur kayan aiki ne. Boksa da Jincheng da TVS da Haojue su ke ɗauko buhun shinkafa daga fadama, su ke kabu-kabu, su ke kai mara lafiya asibiti. Ka fito da tsohon Boksa da safe, kafin la'asar ka sallama, saboda kowane ƙauye akwai mai gyaransa kuma kowane shago akwai kayansa. Naka tankinsa lita 18 yake ci, kuma inda Boksa zai je da lita ɗaya shi sai ya sha kusan uku. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Cikinsa kusa da ƙasa yake, ramuka da tudun rage gudu ba su raga masa ba. Ga kuma halin da yankinmu ke ciki: a 2019 sojoji sun hana hawa babur a dazukan jihohi bakwai har da Kebbi da Zamfara, a 2021 Zamfara ta ƙara tsaurara dokar babura da ta sayar da mai a jarka. Mutum ba ya marmarin abin da zai sa a tsayar da shi a kowane shinge ana masa tambayoyi.

Masu son irinsa suna nan, amma a Abuja da Legas da Kaduna da Kano da Fatakwal suke, kuma su mahaya ne, hawa za su yi. Mahayi kuwa ya fi son na baya-bayan nan mai injekta, wanda a gidan Fireblade ya fara daga ƙirar 2000. Naka kafireta huɗu gare shi, waɗanda sai an daidaita su su yi numfashi tare, in ba haka ba ya yi ta tari. Akwai kuma wani abin da duk wanda ya san babur ɗin zai yi maka ciniki da shi: tayar gabansa inci 16 ce, 130/70, alhali kusan duk baburan tsere sun koma inci 17. Samun sabuwarta ko a manyan birane sai an yi oda.

Wani abin da na lura da shi, mu ma muna da tsofaffin baburan da muke ƙauna, sai dai ba waɗannan ba ne. Dattijon da zai ga Vespa mai tsabta ko Honda Benly ko Roadmaster ya tsaya yana murmushi, yana tuna malamin firamarensu ko ranar da aka kai lefensa, shi ne mai tara babura na ƙasarmu. Fireblade ba ya cikin mafarkin samarin Argungu ko Jega na 1995, don haka babu wanda zai biya kuɗin tuna baya a kansa.

Za ka iya cewa ai ko a nan kuɗinsa ya hau, don yayanka bai saye shi miliyan ɗaya ba. Gaskiya ne lambar ta hau, amma naira ce ta faɗi, musamman daga Yunin 2023. Tambayi matar yayanka nawa take biyan kuɗin makaranta da kwanon shinkafa shekara uku baya, nawa take biya yau. In kuɗin babur ya ninka, na makaranta ma ya ninka, ba a ci ribar komai ba.

Shi kuma babur ɗin ba jiranka yake ba. Doki ne a turke, ko ba a hau ba yana ci, sai dai shi jikinsa yake ci. Buɗe murfin tankin ka sunsuna. In ka ji wari mai tsami kamar na tsohon fenti, man ya lalace, kuma irin wannan man ne ya bushe ya zama danƙo a cikin ƙananan ramukan kafireta. Haska cikin tankin, za ka iya ganin jan tsatsa a saman inda mai bai kai ba, don raɓar damina uku ta kwana a wurin. Shafa yatsa a sandunan shokozoba na gaba: in ka ji ƙurajen tsatsa, da an fara hawa za su yaga robar, mai ya tsiyayo kan birki. Matsa birkin ka ji ko ya ƙage ko ya tafi fayau. Ɗaga kujera ka duba ko ɓera ya yi gida ya ci wayoyi. Sannan dubi gefen taya inda aka rubuta DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta, misali 2314 na nufin mako na 23 a 2014. Tayar da ta shekara goma, ko zanenta bai goge ba, ta ƙeƙashe, balle wadda ta sha zafin watan Afrilu a zaure mai rufin kwano. Batir kam ba sai an faɗa ba. Duk shekarar da ka ƙara, wannan lissafin yana ƙara tsawo, kuma daga kuɗin da za a saya ake cire shi.

Na jinkirta maganar da ta fi duk waɗannan nauyi, don ka fara ganin cewa ko naka ne jira ba riba. Amma ba naka ba ne. Tunda yayanka ya bar ɗa namiji, ɗan'uwa ba ya gado, wannan malamin da ya raba muku sauran dukiyar ya riga ya faɗa muku. Matarsa tana da tumuni, Inna tana da sudusi, saura na yaran ne, namiji rabon mata biyu. Ɗauki tayin dillalin ma a matsayin misali, in babu bashi ko wasiyya da ta rage: a miliyan 1.2, matar tana da 150,000, Inna 200,000, yaron 425,000, kowace yarinya 212,500. Ka ga kashi mafi tsoka na marayu ne. Alƙur'ani a Suratul An'am, aya ta 152, ya hana kusantar dukiyar maraya sai ta hanyar da ta fi kyau. Mutum yana da damar ya yi kasada da kuɗinsa, ya ajiye kaya yana jiran kasuwar da ƙila ta zo ƙila ba ta zo ba. Ba shi da wannan damar a kan kuɗin makarantar 'ya'yan wansa, balle uwarsu, wadda ita ma mai haƙƙi ce a ciki, ta buɗe baki ta ce a sayar.

Ban ɗauke ka maci amana ba. Maci amana da tuni ya sayar ya ce ɓarayi sun ɗauke, ba zai zauna ya rubuto wasiƙa ba. Amma sa kanka a matsayin matar nan. Shekara uku tana ganin abin mijinta a zaurenka, an raba komai ban da shi, duk lokacin da ta yi magana sai a nuna mata bidiyon Amurka. Ko wace ce za ta yi zargi. Kuma ka faɗa da bakinka kana son babur ɗin. Ka binciki zuciyarka ko dala 15,000 ɗin nan ta zame maka hujjar da za ka ci gaba da ganinsa kullum in za ka fita masallaci. Ba laifi ba ne mutum ya yi kewar ɗan'uwansa. Laifin shi ne a biya kewar da kuɗin yara.

Duk da haka ban ce ka kira dillalin gobe ka ce ka sallama ba. Sayar da kayan maraya da arha don a huta, shi ma sakaci ne. Dillalin da ya taya miliyan 1.2 a kan babur da ba ya tashi, ya san inda zai kai shi ya ci riba, kuma albarkar da ka ce ba ta ɓaci ba. Riƙe tayinsa a matsayin ƙasan farashi, ka nemi sama da shi.

Ka fara da zama da Inna da matar yayanka, da wani babba daga danginta, da malamin da ya yi rabon. Ka ce ka amince a sayar, kana neman wata biyu ka nemo farashi mai kyau, in wata biyu ya cika a ba wanda ya fi tayi ko nawa ne. A sa rana. Wannan kaɗai zai kashe rabin rigimar, domin abin da ke cin ranta shi ne rashin sanin ranar. A wannan zaman a yanke nawa za a kashe wajen tayar da shi, a rubuta, a kuma rubuta cewa za a cire daga kuɗin sayarwa kafin rabo. Kada ka kashe naka a ɓoye sannan ka zo ranar rabo kana cewa a biya ka.

Maganar ya koma sabo kuwa, a'a. Kada ka yi masa fenti, kada ka yi odar robobi. Abin da za ka zuba ba zai dawo ba, kuma sabon fenti a kan tsohon babur yana sa mai saye ya yi zaton ana ɓoye masa faɗuwa. Abin da ke ƙara masa kuɗi shi ne inji ya tashi. A juye tsohon man, a wanke tanki, a kwance kafireta a wanke, a canja baƙin mai da ruwan lagireto, a cire filogi a ɗiga mai kaɗan a ramukan, a juya injin a hankali kafin a sa masa batir. In ya tashi, a ɗora mita a kan batir a ɗan ja mai: ya kamata ya nuna wajen bolt 14. In bai kai 13 ba ko ya haura 15, galibi rektifaya ce, wato na'urar da ke daidaita cajin batir, wadda ita ce sanannen ciwon manyan Honda na shekarun 1990, kuma gara ka faɗa wa mai saye da kanka. Wannan aiki a ba wanda ya taɓa kwance inji mai silinda huɗu, ko da daga Kaduna ko Abuja za a ɗauko shi a biya masa mota. Mai gyaran Boksa na bakin kasuwa gwani ne a fanninsa, amma kada a koyi aiki a kan kayan marayu. Kuma in ya tashi kada daɗi ya ɗebe ka ka hau titin Argungu a kan waɗannan tayoyin.

Ka tambayi matar yayanka ko ya ajiye tsohuwar salansar da ya cire, da madubai, da littafi, da makulli na biyu. Masu irin wannan babur sukan jefa su a sito ko saman silin. In aka samu salansar kamfani, ita kaɗai za ta iya ɗaga cinikin.

Daga nan sai a wanke shi, a fito da shi haske da safe, a ɗauki hoton kowane gefe har da inda ya ƙuje, da agogo, da bidiyon tashinsa injin yana sanyi, hannunka a kan salansa kafin ka murza makulli don a ga ba a ɗumama shi ba. Ka sa a shafin saye da sayarwa na Jiji da zaurukan masu manyan babura na Facebook, ka rubuta gaskiya: ƙirar 1997, an sake fenti, ya shekara uku a ajiye, yana buƙatar tayoyi, takardu cikakku. Kafin ka sa farashi ka duba nawa ake sa wa irinsa da ke Najeriya, kuma ka sani abin da aka rubuta a talla ba shi ake biya ba. Duk tayin da ya zo ka nuna wa Inna da matar. In kuwa bakanike ya ce injin ya ƙage, kada a bi shi da kuɗi, a sayar da shi yadda yake. Sayar da shi gunduwa-gunduwa yana iya fin kuɗi a lissafi, amma sai ka shekara kana jiran mai neman tanki.

Akwai hanyar da za ka riƙe shi ba tare da ka zalunci kowa ba, in har kana da kuɗin: ka saya. Sai dai malamai suna tsanantawa a kan wanda ke riƙe da kayan maraya ya sayar wa kansa, don shi ne mai saye shi ne mai sallamawa. Saboda haka ba kai za ka yanke farashi ba. A bari tayi ya taru, ka biya daidai da mafi tsada ko ka ɗora wani abu, kuɗi hannu ba bashi ba, a gaban alƙali ko malamin da shaidu. In ba ka da kuɗin, to ba ka da babur ɗin. Wani zai ce a ajiye wa yaron har ya girma. Rabonsa bai kai rabi ba, ƙannensa da uwarsa da kakarsa ba su ce sun yafe ba, kuma ban ga uban da zai so a miƙa wa ɗan shekara 18 abin da ke wuce kilomita 250 a awa ba.

Ranar ciniki, tunda takardun da sunan marigayi suke, ka tanadi takardar kotu ko ta rabon gado da ke nuna an ba ka izinin sayarwa. A rubuta yarjejeniya da lambar shasi da ta inji, a haɗa da hoton katin shaidar mai saye, shaidu biyu su sa hannu, in da hali har da mai unguwa. A yankinmu babur da ya bar hannunka ba takarda, duk abin da aka aikata da shi ƙofarku za a fara bugawa. Kada ka yarda da saƙon alat, buɗe asusun ka ga kuɗin sun zauna kafin a ɗora shi a mota. Kuɗin kuma kada su kwana a wurinka: a kira malamin a ranar, a cire abin da aka kashe bisa rasit, a ba Inna nata, a ba matar nata, na yaran a miƙa wa wanda aka ɗora wa riƙon dukiyarsu tun rabon farko. Ka karɓi takardar shaidar ka miƙa, ka ajiye kwafi ɗaya, ka ba Inna ɗaya.